Minti Biyar ɗin da Aka Kashe wa Kaka

"Salamu alai..."

Sauran sallamar a kan matakala ta ƙare. Tafinta ya taka ta goma sha ɗaya, wadda bakinta ya gutsure, ƙafa ta zame, kwalaye shida da ya rungumo suka yi sama, shi kuma ya yi ƙasa. Ba zafin gwiwa ne ya fi ba shi haushi ba, ƙarar wandonsa ce: ƙiiit, tun daga ƙugu har cinya. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, mai gyaran firji da ake ji da shi, ga shi a baje kamar buhun da ya faɗo daga mota.

"Wa alaikumus salam, kai da wandon," in ji Kaka daga bakin ƙofarta, tana dogare da sanda.

"Haba tsohuwa, ko sannu babu?"

"Sannu, matakala. Shekara arba'in ina hawanki, ba ki taɓa ɗaukar nauyi irin na yau ba."

Sunan Tafinta ita ta laƙa masa. Tun yana ɗan shekara sha bakwai, duk Asabar da hantsi yake zuwa ɗakinta su kalli shirin nan na jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren da ake yi, shi ne mai fassara mata. An canza kyaftin sau shida, an canza talabijin sau huɗu, ita da jikanta suna nan daram.

Amma yau ba kallo ya kawo shi ba. Watan jiya ta zame a banɗaki, sai da maƙwabciya ta ji kira aka ɓalle ƙofa. Tun ranar ya gyara mata ɗaki a gidansa, a ƙasa, babu matakala. Motar kwasar kaya tana bakin titi tana jira.

Ya tattara kwalayen ya shigo da su yana ɗingishi, hannu ɗaya a bayan wando.

"Amarya, ina kayan da kika haɗa?"

"Ga shi nan." Ta nuna masa kofin shayi.

"Kaka, mun yi magana fa."

"Kai ka yi magana, maigida. Kai kullum cikin yin magana kake. Ranar da aka haife ka ma ungozoma sai da ta ce a rufe taga."

"Ai ke kika ce shi ke nan! Asabar da ta wuce, da bakinki. Haƙora uku ne a ciki amma na ji sarai."

"Huɗu. Na huɗun yana ciki-ciki, na ajiye shi don ranar da zan cije ka."

Gaskiya ne, ta ce shi ke nan. A shirin makon jiya jirgin ya sauka a wata 'yar duniya mai sanyi, kowa ya tashi sai wata tsohuwa da ke kula da fitilar da jirage ke gane hanya da ita. Tafinta ya ga dama ta faɗo masa har cinya. Ya gyara murya ya fassara: wai kyaftin ya ce, a dokar taurari, duk tsohuwar da ta ƙi bin na ƙasa da ita, a naɗe ta a bargo a sa a jirgi. Daga nan ya danna rimot ya kashe, ya ce sauran duk talla ce.

Direban mota ya danna hon daga ƙasa.

"Kin ji? Jirgi zai tashi. Kyaftin da kansa ya yanke hukunci, ke wace ce?"

"Ni ce wadda ta san ana maimaita shirin ran Talata."

Tafinta ya saki bayan wandon.

"Ran... wace Talata?"

"Wadda ke bin Litinin, malamin makaranta. Na zauna ni kaɗai, babu mai cika min kunne, na kalli tallar nan taka. Kai, talla ce mai kyau! Jirgi ya tashi, tsohuwa tana tsaye a ƙofarta tana ɗaga musu hannu. Ko bargon ban gani ba."

"Wannan... ai ƙanwarta ce."

"Da tabon nan na goshi?"

"Gado ne. Duk gidansu haka suke."

"Allah ya shirye ka. Tumbi ya girma, ƙarya ta girma, hankali yana nan inda muka bar shi a aji uku."

"To ke me kika sani a shirin? In ban da ni, da har yau kina cewa fanka ce ke tuƙa jirgin."

"In ban da kai? Wa ya ce min kyaftin ya yi umarni cinyar kaza ta jika ce?"

"Haka ya ce."

"Yana tsakiyar wuta, jirgi na girgiza, mutane na faɗuwa daga kujeru, shi kuma yana zancen cinyar kaza?"

"Shugaba nagari ba ya manta abu mai muhimmanci."

"Da mace ta karɓi jirgin fa? Ka ce mai dafa abinci ce aka ba ta aron kujera. Shekara bakwai tana aro!"

"Mai kujerar ya yi tafiya mai nisa."

"Likitan jirgi kuma wai ya hana tsofaffi zama a kujera mai laushi. Ga ta can, ta lotsa daidai faɗin mazaunanka."

Hon ya sake kaɗawa, sau biyu. Tafinta ya ɗauki kwali ɗaya ya buɗe, ya miƙa hannu zai cire agogon bango. Sandar Kaka ta sauka a kan kwalin, tim.

"Zauna, angon ƙarya, in fassara maka ni ma. Ba na jin yarensu, amma ba makauniya ba ce ni. Shekara talatin ban taɓa ganin sun fara harbi ba. Ka tuna koren nan mai ido huɗu da ya fasa musu gefen jirgi? Da ya ji ciwo, su suka ɗaure masa. Ka ce min wai kitso suke masa."

"Ya yi kama da kitso."

"Injin da ke share musu daɓe, ranar da za su kwance shi, sai da suka ba shi kujera ya faɗi ta bakinsa. Inji fa! Gwangwani mai taya! Ni da na wanke maka kashi da hannun nan, ban kai gwangwani ba?"

Tafinta ya sauke hannunsa daga agogon.

"Kyaftin kuma, da ya je wurin tsohuwar, tsugunawa ya yi har kansa ya yi ƙasa da nata. Ya yi magana kaɗan, ya yi shiru da yawa. Kai da kwali ka zo."

Ya zauna a kujerar da ta lotsa. Da ya yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Awa uku kika yi a kwance a ƙasa, Kaka. Ina can ina zuba wa firjin wani gas, ina dariya. Ban sani ba."

"Biyu da rabi. Har a nan sai ka ƙara." Ta kalli taga. "Na ji tsoro, ɗan nan. Ba zan ɓoye maka ba. Amma dubi ƙusar can."

Ya duba. Makullai ne rataye, sun fi goma, kowanne da zare mai launi daban.

"Ja na ma'aikaciyar asibiti ne. Shuɗi na tela. Duk mai fita a benen nan, a wurina yake barin makulli. Ni ke karɓar saƙo, ni ke sanin wanda ya bar famfo a buɗe. A gidanka me zan riƙa yi? In zauna a ɗaki mai sabon fenti ina jiran a tuna da ni?"

Tafinta ya ja numfashi. Ya kalli kwalayen, ya kalli tsohuwar. Sai ya sauko daga kujera ya tsuguna a gabanta. Wandon ya ƙarasa abin da ya fara.

"Innalillahi! Rufe, rufe, kada ka makantar da ni!"

"Ki bari in yi abin kirki sau ɗaya mana! To, Kaka, me kike so?"

"Sake faɗa. Kunnen nan bai saba jin wannan daga bakinka ba."

"Me kike so?"

Ashe a shirye take. Ƙarfen riƙewa a banɗaki, biyu. Abin shimfiɗa wanda ba ya santsi. Ƙwan fitila a matakala, da siminti a ta goma sha ɗaya, "saboda masu tumbi." Waya mai manyan lambobi da za ta rataya a wuya, lambarsa a kan ɗaya.

"Tsohuwar cikin shirin ma wani abu suka maƙala mata a riga kafin su tafi," in ji ta. "Ka ga ni ba taurin kai gare ni ba."

"A'a, ke ai ruwan sanyi ce. Duwatsu ma wurinki suke zuwa koyon laushi."

"In na sake faɗuwa, mu sake zama mu yi magana. Magana na ce, ba kwali ba."

Ta sa hannu a ƙarƙashin matashi ta zaro wani makulli, ba zare a jikinsa. Makullin ƙofarta ne, wanda ko mahaifiyarsa ba ta taɓa riƙewa ba. Ta jefa masa, ya cafe da hannu biyu.

"Don kada a sake ɓalle min ƙofa. Ba don ka riƙa shigowa kana shanye min madara ba."

Hon na uku ya daɗe yana ƙara. Tafinta ya duba wandonsa, ya duba matakala. Kaka ta miƙo masa zaninta mai furanni. Ya ɗaura a ƙugu, ya kai bakin ƙofa zai sauka ya sallami direba, sai ya juyo.

"Tsaya. Tun yaushe kika gane ina miki ƙarya?"

"Tun cinyar kaza."

"Shekara talatin ke nan! Me ya sa ba ki kore ni ba?"

Kaka ta ɗauki rimot ta kunna talabijin, ta gyara zama a kujera mai laushi.

"In kore ka? Su ma a jirgin akwai wata halitta mai tumbi da har yau ba a gano amfaninta ba. Ka taɓa ganin sun jefar da ita?"