Ranar da Na Wanke Marafan Kifayen Bilkisu

Matso kusa ku ji abin da na tafka.

'Yata Bilkisu tana aikin gama jami'a da wasu 'yan kifaye a akwatin gilashi. Kwamfuta ta lissafa cewa kifi zai iya bambance kore biyu masu kama da juna, ita kuma tana gwadawa da korayen marafan roba biyu, abinci kullum a ƙarƙashin ɗaya. Sati shida tana koya musu.

Za ta unguwar Yaba wurin malaminta, ta ce, "Mama, kada ki taɓa marafan nan."

Ni da na shekara talatin ina zaɓar wa matan Agege anko? Na ga sun yi gansakuka, na dirje su tas, har alamar da ta yi musu ta goge. Da na zo mayarwa, wallahi kala ɗaya na gani. Na kai su rana, na kira maƙwabciyata Iya Kudi, ta jujjuya su ta ce ba ruwanta. Na kashe wa yarinya aiki ke nan? Duk babur ɗin okada da ya tsaya, sai in leƙa ko Bilkisu ce.

Haka na mayar da su da bisimilla. Bilkisu na shigowa, kifayen suka nufi marfin hagu kai tsaye, alhali a dama ta bar na abincin.

"Mama, kin juya su. Ga shi sun kawo ƙararki."

Har yau in na ɗaga atamfa, sai matan gidanmu su ce, "A kai wa kifi ya duba." Ku da kuke dariya, da kun bambance?