Ranar da Na Kai Ruwan Fadama Asibiti

Komai zan iya mantawa, ban da ranar da na shiga asibiti a Birnin Kebbi rungume da jarkar ruwan gonata.

Matata Hadiza ce gaɓoɓinta suka kumbura, da safe ko ludayi ba ta iya riƙewa. Likita, wata mata mai haƙuri, ta ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓin. Ta kuma ambaci wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a jiki, wai maikro-RNA, da masana ke bincike a kansu, don suna da hannu wajen rura kumburi ko kwantar da shi.

To ni manomin shinkafa ne a Zauro. A sanina, duk ƙaramin abin da ke shiga jikin mutum daga ruwan fadama yake, kamar tsargiya. Hadiza kuwa ta sha taya ni dashe. Shi ke nan na yanke hukunci: gonar da na gada ce ta cuce ta, sayarwa zan yi. Sai kuma wata fargabar ta taso, in na sayar wa bawan Allah cuta fa? (Haka nake, ko alwala sai na yi ta kokwanto.) Na ce bari a auna ruwan tukuna.

Ranar komawa asibiti, ina ɗora jarkar kan teburin likita, tsumman da na toshe bakinta da shi ya fice. Ruwa ya malale kan takardu, sai ga ɗan kwaɗo ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado.

"Baba, mi ne ne wanga?" in ji wata nas da ke wurin, tana ɗage ƙafa.

Hadiza ta ja hijabi ta rufe fuska. "Malam, sai da nac ce ka bar shi gida."

Da na yi bayani, likita ta yi dariya har da hawaye. "Baba, su maikro-RNA ɗin ba daga ruwa suke ba. Da su aka haife ka, ni ma ina da su. Riƙe gonarka, ita kuma ta riƙe maganinta. Ana fatan binciken nan ya kawo wanda ya fi shi."

Da rarrafe na kamo kwaɗon, masu jiran layi suna leƙe suna nuna mini inda ya bi.

Hadiza ta samu sauƙi sosai, bana ma tare muka yi girbi. Ni dai na koyi cewa in ban gane maganar likita ba, in yi ta tambaya har ta gaji da ni, don kunyar tambaya ba ta kai ta rarrafe a gaban matarka ba.