Ranar da Na Kulle Dunna a Makewayi

Ko me zan manta a rayuwa, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na biyu ba. Ina da kare baƙi mai suna Dunna, wanda na ajiye saboda ɓarayin albasa. A Aliero, in ka tara albasa a rudu, wato rumfar ajiyarta, kana jiran ta yi tsada, to ba kai kaɗai kake jira ba. Matsalar ita ce surukina, malamin allo ne a Maiyama, kuma tun tuni ya ce ba ya taka gidan da ake kiwon kare. Matata Hadiza kuwa ba ta da wani buri da ya wuce mahaifinta ya shigo ɗakinta, ya ɗauki jikansa ya tofa masa albarka. Sai na aika masa cewa an kai Dunna gona. (Niyyar kai shi dai na yi. Niyyar ce ba ta samu mota ba.)

Da safiyar suna na tsaya ina nazarin inda zan ɓoye shi. Ɗaure shi a gindin dalbejiya ba zai yiwu ba, don ya taɓa nannaɗe sarƙa a wuyansa har idanunsa suka firfito, kuma haushinsa har bakin titi ake ji. Ɗakin ajiya babu taga, ga zafi, ga maganin ƙwari a ƙasa. Madafa ta cika da mata. Sai idona ya faɗa kan makewayin da ke bayan zaure, wanda ba kasafai muke shiga ba. Akwai inuwa, iska na shiga, ramin da murfinsa, ƙofar da sakata. Na tura shi ciki da ƙashi, na rufe, har ina yaba wa kaina.

Hadiza ta leƙo ta taga ta ce, "Baban Nana, ina kaka aje shi?"

Na ce, "Ke dai kwantar da hankalinki. Inda yake ko aljani ba ya ganin shi."

Aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Surukina ya iso a makare, ya sha hanya a kan babur. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya amsa, ya sha ruwa, sannan ya dubi ƙanena ya ce a ba shi buta.

Ƙanena, wanda bai san komai ba, ya cika buta, ya nuna masa ƙofar da ke bayan zaure.

To a nan ne fa. Magana ɗaya za ta raba ni da abin kunya, amma wace magana? A garinmu ko haɗa ido da suruki aiki ne, balle ka tare shi a gaban jama'a ka yi masa zancen makewayi. Na buɗe baki na ce, "Baba..." Ya juyo. Sai na ji kaina ina cewa, "Sannu da hanya." Ya ce, "Yawwa," ya wuce.

Na ji ƙarar sakata. Na jira haushi, ban ji ba. Da ma haushin ya yi, da ya fi mini sauƙi. Dunna dai ya gaji da kaɗaici, ya ga mutum, sai murna. Can sai ga tsoho ya fito a natse, gaban farar rigarsa duk shatin ƙafafu da yawu, ga Dunna a bayansa yana kaɗa wutsiya yana lasar bakin butar. Wani daga cikin abokaina ya kama tarin ƙarya ya fita.

Surukina bai ɗaga murya ba. Ya dube ni (karo na farko da ya taɓa dubana ido cikin ido) ya ce, "Malam, ashe nan ta gonar?"

Ya ƙara da cewa, "A ba karen ruwa, ƙishi shikai. Ni kuma a shimhiɗa min tabarma waje."

A ƙofar gida ya zauna, cikin rigar aro, tasa tana shanye a igiya. Nan aka fito masa da jaririn ya yi masa addu'a. Hadiza tana jin muryar mahaifinta ta katanga, bai shigo ba. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

A makon na kewaye wa Dunna wuri da waya a gona kusa da rudu, da rumfa da kaskon ruwa. Na koyi cewa kafin ka kulle kare a wuri, bayan ka duba inuwa da iska, ka kuma tambayi kanka wa zai buƙaci wurin. Surukina yana zuwa Aliero har yanzu, muna gaisawa lafiya lau a ƙofar gida. In ya nemi buta, gidan maƙwabcina ake raka shi.