Jirgin da Ya Daina Tsayawa a Bayan Gidan Busia

"Lafiya lau nake, Casimir, tunda ka tambaya. Ban mutu ba, in labarin da kake jira ke nan. Matsa min, ka wani baje kamar kai ka sayi kujerar."

"Busia! Me kike yi a cikin jirgi? Wa ya bar ki kika fito?"

"Wa ya bar ni? Akuya ce ni da za a ɗaure a turke?"

Ni Wendell ina kujerar da ke fuskantarsu, kuma ba na cikin masu kawar da kai in ana abin kallo. Shekara da shekaru ina bin jirgin ƙasa na safen nan zuwa cikin birnin Shikago, babu kalar zagin da ban yi masa ba. Kullum sai ya ja birki a wata kwana, mu zauna muna huci har jirgin kaya ya gama jan jiki ya wuce. To wurin tsayawar nan daidai bayan gidan tsohuwar nan Halina ne, kakar Casimir, wadda yake kira Busia. Da jirgi ya tsaya sai ta fito baranda da rawayan tawul na goge kwanuka tana kaɗawa, shi kuma ya manna fuska a taga. Tun muna dariya har muka koma duk taragon muna ɗaga mata hannu.

Sai ga shi an shimfiɗa wa jirgin kaya layinsa daban, an ƙara jirage, an ɗaga dandamalin tasha ya yi daidai da ƙofa. Tun Litinin muke isa gari a kan lokaci. Ni da kaina na tafa, wallahi, ni da ban taɓa yabon jirgin nan ba. Amma fa ya daina tsayawa a bayan gidan Busia. Ranar Juma'a ƙofa na buɗewa a tashar unguwarsu, sai ga ta ta turo ɗan kekenta na dogarawa ta shigo abinta, ta kutsa tsakanin Casimir da yarinyar da ke zama kusa da shi.

"Kin ga ikon Allah, Busia? Ko ɗaga ki ba a yi ba, kin shigo sumul! Kin ga sabon allon can mai nuna lokaci? Sati guda ban makara ba! Maigidana a ofis har taɓa goshina ya yi, wai ko ba ni da lafiya."

"Ai ba ka da lafiyar. Dubi wuyanka kamar na kazar da aka fige. Ina mayafin wuyan da na saƙa maka?"

"Wannan mai ƙaiƙayin? Na ba kare, shi ma ya dawo min da shi."

"Karen ya fi ka tarbiyya, shi ya san a dawo."

Taragon ya ɗauki dariya. Casimir ya juya yana kallonmu yana nuna ta da yatsa.

"Jama'a, ga ta nan, ku kama ta! Duk makarar da kuka sha, ita ce. Ita take ba direban jirgin kaya kwanon pierogi, curin fulawar nan mai dankali a ciki, kowace safiya don ya tare mana hanya, ta samu damar leƙen asirina."

"Da na ba shi pierogi na, da har yau bai tashi daga wurin ba."

"Gaskiya ne, nauyin cikinsa ba zai bar injin ya ja ba."

"Ka ji ɗan banza! Da pierogin nan aka yi maka waɗannan kumatun. Kafin ka fara cin su kunnuwa ne kawai a jikinka, in iska ta taso sai uwarka ta riƙe ƙafarka."

"Ke kuwa lokacin da aka zo shimfiɗa layin dogon nan na farko a barandar aka tarar da ke, da tawul ɗin a hannu. Wajenki aka tambayi ina ne gabas."

"Kuma na nuna musu daidai. Kai ko ƙofar gidana ba ka iya ganewa."

Kwandasta ya zo duba tikiti. Da ya gan ta sai ya tsaya ya cire hula.

"Kai! Ba ke ce mai rawayan tawul ba? Sannu da zuwa, ranki ya daɗe!"

"Kai ne mai shela a lasifika? Da can in ka yi magana kamar ka cika baki da dankali mai zafi. Yau kuwa na ji komai tas. Ungo."

Ta buɗe gwangwanin kolachki, 'yan biskit ɗin nan masu ɗanɗanon lemo a tsakiya, ta ba shi biyu. Ta ba ni, ta ba na bayanmu, ta miƙa wa yarinyar da ke gefenta. Casimir ya miƙo hannu ta make shi.

"Haba Busia, ni fa jininki ne!"

"Kai ta gilashi ake ba ka. Je ka waje ka leƙo ta taga in nuna maka." Ta juya wajen yarinyar. "Ke, ya sunanki? Fuskarki na sani, sunan ne gilashi ba ya faɗa."

"Imelda, Kaka," in ji yarinyar, tana ƙunshe dariya.

"Abokiyar tafiya ce kawai, Busia."

"Abokiyar tafiya! Bara tana can ƙarshen tarago da littafinta. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka ta dawo kujerar bayanka. Wajen bikin Ista kuna kujera ɗaya. Watan jiya kofi ɗaya na gani kuna sha, kai ka kurɓa ita ta kurɓa. Ni tsohuwa ce, ba makauniya ba. Ina tsaka da kallo aka zo aka gyara jirgi, aka yanke min labari a tsakiya!"

Imelda ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Kunnuwan Casimir suka yi ja wur.

"To ki kai ƙarar masu jirgin mana. Ki ce musu, ni Halina, a dawo da makara, mutum dubu su rasa aiki don in ga wa ke shan kofin wa."

"Zan kai. Kuma zan haɗa da ƙararka. Yaushe rabonka da taka cikin gidana?"

"Ai kullum muna gaisawa!"

"Da kifin da ke cikin kwalba ma ana gaisawa haka. Tun Ista, Casimir. Kujerar kakanka har ta manta nauyinka."

"Ta huta ke nan."

Yana rufe baki jirgi ya karya kwanar nan. Duk muka waiga ta taga, sabo ne, jiki ya riga ya saba. Gidan ya gifta fiu, shuɗin bango, baranda, igiyar shanya, shi ke nan. Busia ta miƙa wuya tana neman sa a baya, ya riga ya ɓace.

"Gidan nawa ke nan?"

"Shi ne."

"Haka kake ganina tun Litinin?"

Casimir ya ce, "Rawayan abu kawai nake gani ya gifta."

"Ni kuma ko rawayan ban samu ba. Tagogi ne kawai suna gudu. Kowace safiya ina tsaye a sanyin nan ina kaɗa wa ƙarfe tawul, kamar mahaukaciya. Jiya na shiga ciki na zauna, shayin ma na kasa sha." Ta gyara zaman gwangwanin a cinyarta. "Da can ko ba ka zo ba na san ka tashi lafiya, na san ka sa riga mai kauri. Abin da nake da shi ke nan, kuma an gyara shi."

Ni da na yi shekaru ina tsine wa tsayawar nan, ban taɓa kawowa a raina akwai wanda take ciyarwa ba.

Imelda ce ta miƙa hannu ta bayan tsohuwar ta zunguri Casimir, ta nuna masa allon lokaci da haɓa. Ya kalla, ya sake kallo, sai ya miƙe zumbur har kansa ya bugi wurin ajiye jaka.

"Busia! Tsaya! Kin san me ya hana ni sauka a tasharku da yamma? In na sauka, Allah kaɗai ya san ranar da wani jirgin zai zo. Yanzu fa? Dubi can! Wani na bin wani! In sauka, in ci, in yi miki rashin kunya, in hau na gaba, kuma in riga lokacin da nake isa gida da can!"

"Ƙarya yake yi," ta ce da ni. "Bawan Allah, duba min, idonsa na cika alkawari ne?"

"Jirgin dai ya fara cikawa, Mama," na ce. "Saura shi."

"Yau ɗin nan zan sauka! In ban sauka ba, Wendell ya jefo ni ta ƙofa."

"Da murna," na ce.

"Kai kaɗai?" Busia ta tambaya, idonta a kan Imelda.

Casimir ya fashe da dariya ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama! Kin ci, tsohuwa, kin ci. Mu biyu, in ta yarda."

"In da sauran kolachki," in ji Imelda.

Taragon ya ɓarke da tafi, har kwandasta ya leƙo. Busia ta zaɓi mafi ƙanƙanta a gwangwanin ta cusa wa jikanta a baki. Sannan ta zura hannu a jakarta ta zaro rawayan tawul ɗin, ya koɗe, bakinsa duk ya zare. Ta ninke shi ta ɗora masa a kafaɗa.

"Me zan yi da wannan kuma, Busia?"

"Ya gama aikin baranda. Ka taho da shi anjima, kai za ka goge kwanukan."