Yadda Hancin Lautai Ya Sami Rawani

Duk wanda ya zauna a Gumel a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, ya ce bai san Cindo mai kanwa ba, to mura ce ta kama shi a lokacin. Allah ya yi wa Cindo baiwa ta musamman. Wasu ilmi aka ba su, wasu dukiya, shi kuwa hanci aka ba shi, bai kuma ɓoye ni'imar ba. Mu mutanen gari muka sa masa suna Hancin Lautai, wato hancin Gumel baki ɗaya, don Lautai kirarin garinmu ne. Ya karɓa hannu bibbiyu, don bai ji dariyar da ke ciki ba. Mu ma daga baya muka daina jin ta.

Asalinsa fataucin kanwa yake yi. Wata shekara ya kora jakunansa Kano da kaya, ya dawo a ƙafa, ba jaki ba mangala, sai wata 'yar kwalbar turare a ƙunshe cikin tsumma. Wani Balaraben Turabulus ne ya tausaya masa ya rabu da ita. Matarsa Hajjo ta leƙa ƙofar gida tana neman jakuna. Ya ɗaga kwalbar ya ce, "Suna nan ciki, Hajjo, sun sami ɗaukaka."

Gaskiya dai turaren ya haɗu, wannan ba a ja. Amma Cindo bai yarda ƙamshi ya yi wa kansa bayani ba. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya ɗiga kaɗan a wuyan hannu, ya lumshe ido, ya fara karatu.

"Ku mutanen nan ba ku san turare ba, jibda kuka sani. Wannan hawa-hawa yake, kamar soron Larabawa. Da farko za ku ji lemo da tuffa, ƙamshi mai haske, shi ne sallama. In ya lafa sai ud ya taso, baƙin itacen nan na ƙasashen gabas, shi ne zance. Can ƙarshe, ga mai haƙuri, sai ƙamshin fata, irin wadda sarakunan Istambul ke zama a kai. Wannan kam ba na kowane hanci ba ne."

Babu wanda ya taɓa ganin tuffa a cikinmu. Muka shaƙa, muka gyaɗa kai, muka ce lallai ita ce.

Daga nan Cindo ya koma duba iska kafin ya zauna. In daga gabas take busowa, gabas da jama'a zai tsaya, don kada kowa ya yi asara. A kasuwar Maigatari ya daina gaisawa da masu daddawa hannu da hannu, sai dai ya ɗan rusuna daga nesa. Da aka gayyace shi suna a Gagarawa, ya ƙi cin tuwo, wai tururin miyar kuka zai gurɓata hawan tsakiya. Ya komo gida da yunwa, yana tafe yana shinshina hannun riga.

Mu kuwa ba a bar mu a baya ba. Muka shiga cusa ɓawon lemun tsami a aljihu, muna turara riguna da duk itacen da ya yi baƙi. Dattawa masu gemu suka riƙa haɗuwa a hanya suna tambayar juna, "Malam, a wane hawa kake yanzu?"

Ana nan sai labari ya zo cewa Sarkin Kasuwa ya rasu a wani gari da ke tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, dagacin garin na neman wanda zai naɗa. Cindo ya ji abin ya faɗo daidai kansa. Jakuna sun tafi, kanwa ta tsaya, hatsin rumbu ya kusa ƙasa, abin da ya rage a kwalba bai fi a jiƙa ɗan yatsa ba. In ya sami kasuwa, ya miƙe. Ya ari doki, ya ari babbar riga, muka ɗunguma muka raka shi.

A bakin gari ya sauka, ya juye rabin abin da ya saura a jikinsa. Ya tsara komai: lemo zai yi masa sallama, ud ya yi masa roƙo, kafin fata ta taso an gama magana.

Abin da bai tsara ba shi ne shari'ar gona da dagaci ke ji tun safe. Aka ce ya jira. Zaure ya cika, sai gindin katanga, ga ranar bazara. Lemo ya yi sallamarsa ga masu jiran shari'a ya wuce. Da azahar ud ya taso, ya yi dogon zance da wata akuya da ke kwance a gefe. Cindo ya zauna a kan sirdin aro yana gumi, yana roƙon iska ta dakata.

Da la'asar sakaliya aka ce ya shiga. Dagacin tsoho ne, idonsa ya yi rauni, amma hancinsa lafiya lau. Cindo ya durƙusa, ya matsa kusa yadda ya saba. Tsohon ya ja numfashi, fuskarsa ta washe.

"Madalla. Na daɗe ina cewa a samo mini gwanin fata. Majeman garin nan ba su da shugaba, kullum faɗa a bakin ramuka. Wannan kam ko bai yi magana ba an san aikinsa."

"Allah ya ja zamaninka," in ji Cindo, "ai hawan ƙarshe ne, na Istambul..."

"Har can ka kai? To, ka fi ƙarfin gardama. A kawo rawani."

Cindo ya buɗe baki, sai ya hango rawanin: fari sol, dogo, sabo. Ya tuna rumbunsa, ya tuna dokin aro. Ya rufe bakin, ya miƙa kai. Aka naɗa shi Sarkin Jima. Mu da muka san gaskiya muna tsaye a bakin zaure, mu muka fara cewa Allah ya taya riƙo. A hanyar komawa ma muka yarda a tsakaninmu cewa dama mun daɗe da hango masa sarauta.

Ya tare a garin da iyalinsa, ya kama aiki. Kullum yana bakin ramukan jima, cikin ruwan bagaruwa da ɗanyun fatu da ƙudaje, yana raba faɗa, yana gaya wa majema cewa abin da suke ji ɗin nan, a ƙasashen gabas sai sarki. Kwalbar ta ƙare ba wanda ya lura, har shi kansa. Rumbu dai ya cika.

Hajjo ce kaɗai ba ta shiga karatun ba. Duk yamma takan ajiye ƙwaryar ruwa da sabulun salo a bayan zaure, ta tsaya daga cikin gida ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A wanke sarautar tukuna, sannan a shigo."