Ranar da Na Sa Hamsin

Ni mutum ne mai duba kwaɗo sau uku kafin ya bar ɗaki, shi ya sa abin ke ci mini rai har yau.

Ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura Namoda, ina kuma koyon wani yaren kwamfuta da ake rubuta sauti da shi. Wata biyu na yi ina haɗa ƙararrawa mai taushi, don a huta da dukan tsohon wilin mota. Ina jin dai ta yi daɗi.

Ranar gwaji hedimasta ya aro lasifikar surukinsa, ya tara kowa. Na kunna, ya kasa kunne ya ce, "Malam, wagga aba ba ta da murya. Ƙara mata."

A yaren nan ƙarfin sauti daga sifili zuwa ɗaya yake. Na karanta, har layi na ja a ƙarƙashi. Amma da ido ya yi mini yawa, sai na tuna rediyo mai kaiwa ɗari, na rubuta hamsin.

"Rabi kawai na sa, ranka ya daɗe, don taka-tsantsan," na ce.

Lasifikar ta kurma ihu kamar injin niƙa ya haɗiye ƙusa. 'Yan aji ɗaya suka watse, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Sai hayaƙi, sai shiru. Hedimasta ya dubi lasifikar surukinsa, ya dube ni.

An koma dukan wili. Yanzu ko sukari zan zuba a shayi, sai wani malami ya ce, "Malam Hamsin, sa rabi dai, don taka-tsantsan."