Nitson da Na Yi a Gurbin Kada

Ba zan taɓa mantawa da damanar da Nufawa sunka iso Wurno da babban jirginsu ba, zamanin Sarkin Musulmi na zaune garin. Goro da tufafi sunka ɗauko za su kai Goronyo, ga gulbin Rima ya cika ya batse, fadama duk ta koma tsibirai. Baƙo in ya shiga nan ba jagora, sai ya yini yana zagaya tsibiri guda.

Kawuna shi ne Sarkin Ruwa, tsufa ya kama shi, yana neman wanda zai miƙa wa jagorancin baƙi. Ni kuwa na ƙwallafa rai. Ya ce in ja su, shi zai zauna cikin jirgin ya ga kamun ludayina. (Abin da ban kawo a rai ba, shekara guda na yi a Gandi wajen jinyar kakata, ban leƙa gulbi ba.)

Wallahi na yi bayani, ba yabon kai ba. Na nuna musu tungar da ake samun itace busasshe da wadda sauronta ke korar jaki. Na ce kada su ɗaure jirgi a turken wani sai sun yi sallama da mai tunga, kada su sayi kifi a bakin ruwa kafin su gaida dattawa. Na nuna musu inda dorina ke kiwo, na ce in sun ga ciyawa a kwance su yi nesa. Madugunsu sai gyaɗa kai yake, Kawu na murmushi, ni ko kaina ya kumbura.

Da munka zo Gurbin Kada na sa murya. "Madugu, wanga wuri ba a wasa da shi. Ko giginya ka jefa, haɗiye ta zai yi."

Madugu ya leƙa ruwan ya ce, "Samari, ni kam kamar ina ganin yashi."

Yashi? A gurbin da na koyi iyo? Raina ya ɓaci. Ga gorar tuƙin jirgi a hannuna, da na tsoma ta da an huta. Ina! Sai na tuɓe riga, na hau bakin jirgi, na dubi matan tunga da ke wanki a gefe don in tabbata suna kallo, na ce, "Ku yi ta jira, sai kun gaji kafin in taɓo ƙasa." Na yi tsalle na tafi da ka.

Jama'a, ruwan iyakarsa gwiwa. Ambaliya ta cike gurbin da laka tun ina Gandi. Kaina ya nutse har wuya, ƙafafuna na sama suna harbin iska, zanen da na ɗaura kuwa ya yi nasa wuri. Wata tsohuwa ce ta tako da ƙwarya a ka, ta kama ƙafata ta tumɓuko ni kamar rogo.

"Ɗan nan, mi kaka biɗa cikin laka?" in ji ta. "Ko kifin gaiwa ka zo tono?"

Matan nan har da masu faɗuwa don dariya. Nufawa sunka juya baya wai kunya, amma kafaɗunsu na rawa. Na ji kamar in koma inda anka ciro ni. Na ce a raina shi ke nan, jagoranci ya tafi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya jefo mini riga ya ce, "Dut abin da ka faɗi gaskiya na, sai dai na bara na. Ɗauki gorarka."

Na ɗauka, laka na ɗiga daga kunnena. Daga nan ban sake buɗa baki a kan wata mashiga ba sai na soka gora na ji ƙasa. Wurare da dama na tarar hanya ta sauya, na canza musu, kuma na kai jirgin nan Goronyo ko sau ɗaya bai kafe ba. A gaban Madugu Kawu ya ce daga yau baƙin ruwa nawa ne.

Na tsufa a aikin nan, ban taɓa kifar da jirgin kowa ba, ina kuma alfahari da haka. Amma har gobe in baƙo ya tambaye ni zurfin wuri, ko jiya na bi ta nan, sai in ce masa, "Dakata in tambayi gora, ta fi ni sabon labari."